Kafaɗar Kawu Kai-Sama

Kawuna mai fenti ne, kuma a fentin ma ya fi ƙwarewa a silin. Tun ina ƙarama na san shi da ɗigon fari a gira da gemu, har ya zamana lokacin da furfura ta fara fito masa babu wanda ya lura. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Kai-Sama, domin ko gaisuwa ya shiga gidan mutane, kafin ya dubi fuskar mai gidan sai ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin. Akwai ranar da ya je ta'aziyya, kowa ya yi jugum, aka ji shi yana raɗa wa na kusa da shi cewa wanda ya yi silin ɗin nan bai bari shafin farko ya bushe ba.

Yayan mahaifiyata ne. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka mayar mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Mamana yake ce mini. Fenti ba gado ya yi ba. Kakanmu gyaran agogo yake yi, ya so ya zaunar da shi a shago, amma yatsun Kawu manya ne, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ya ɓatar da ƙananan kusoshin agogon wani mutum a ƙasan teburi, sai ya bar shagon ya bi wani ɗan kwangila. Ya fara da wanke bokiti da goge bango da samfefa, har ya kai ana nemansa daga unguwa zuwa unguwa. Da rolar shafa fenti da tsani ya yi aure, ya gina ɗakuna uku, ya sa 'ya'yansa a makaranta.

Mutum ne mai magana ɗaya. A wurinsa komai yana da dalili guda, kuma in an nema za a samu. In bango ya jiƙe, to ruwa na shiga ta wani wuri. In fenti ya ɓare, to an yi ha'inci wajen haɗi. Ba ya son a ce masa "wataƙila". Shi ya sa abin da ya same shi ya fi damun kansa a kan yadda ya dami jikinsa.

A wani sabon gini abin ya fara. Yana tsaye a kan katako, ya miƙa hannu baya zai zaro tsumma daga aljihun wandonsa, sai ya ji kamar an soka masa ƙusa a kafaɗar dama. Bai faɗi ba, bai ɗauki kaya mai nauyi ba, babu abin da ya buge shi. Ya tsaya har zafin ya lafa, ya ci gaba da aiki, bai gaya wa kowa ba.

Matarsa, wadda muke kira Anti, ita ta gano shi. Tela ce, idonta a kan tufafi yake. Ta lura ya daina sa riga mai shiga ta wuya, ya koma mai maɓalli, kuma yana fara zura hannun dama a hankali kamar mai tsoron kada rigar ta cije shi. Ta lura ya daina kwanciya ta ɓangaren dama. Ranar da ta ga yana taje kansa da hagu, sai ta ajiye almakashi.

"Malam, me ya sami hannun nan?"

"Wane hannu?"

"Hannu nawa gare ka da za ka tambaye ni wanne?"

Daga nan maganar ta fita, kuma da ta fita sai kowa ya zama likita. Mai kemis na bakin layi ya ce sanyi ne, na shiga sabon gini da siminti bai bushe ba. Ya ba shi ƙwayoyi da wani man shafawa mai zafi kamar barkono. Kawu ya karɓa, amma ya ce, "Shekara da shekaru ina shiga sabon gini, sai yanzu sanyin ya gan ni?" Mahaifiyata ta zo dubiya, ta dube shi cikin tausayi ta ce, "Yaya, girma ne fa." Ya harare ta. "Girman ne ya tsallake hagu ya kama dama? Ba rana ɗaya aka haife su ba?"

Amininsa, wanda kowa ke kira Mai Famfo saboda sana'arsa, ya rantse cewa gocewa ce. Ya ɗauke shi a babur zuwa wurin wani mai ɗori. Mutumin ya lalluba kafaɗar ya ce shi dai bai ji karaya ba, bai ji gocewa ba, amma tunda sun taho daga nesa bari ya ɗan ja a gani. Mai Famfo ya riƙe ƙugu, mai ɗori ya ja. Mai Famfo ya ce tun suna samari bai taɓa jin muryar Kawu ta kai can ba. Sun dawo gida ba wanda ke yi wa wani magana.

Ni aka ce in kai shi asibiti. A shagon buga takardu nake aiki, don haka a danginmu ni ce mai jin Turancin likitoci. Muka zauna a dogon benci a baranda, Kawu rungume da hannunsa kamar jariri, kansa a sama yana bin wani tabon ruwa da ido. Aka ɗauki hoton kafaɗar. Likitan matashi ne, idonsa ya yi ja don gajiya. Ya ɗaga hoton wajen taga ya duba.

"Baba, ƙashinka lafiya lau."

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. Ya leƙa hoton. "To me ke ciwo?"

"Ina jin jijiya ce. Wannan hoton ba ya nuna jijiya."

"To me ya sa aka ɗauka?"

Likitan ya yi murmushi, ya dunƙule hannunsa ɗaya ya rufe shi da ɗayan. Ya ce haka kan ƙashin hannu yake zaune a kafaɗa, jijiyoyi sun riƙe shi ta kowane gefe. Mai aikin ɗaga hannu sama kullum, jijiyar sama tana gogar ƙashi har ta kumbura. Ya rubuta maganin rage kumburi, ya ce a sa ƙanƙara in ya yi zafi, a hutar da hannun.

Wannan bayani ya yi wa Kawu daɗi, domin yana da dalili guda. A hanya har da cewa, "Kin ji mai ilimi, Mamana. Guga ce. Ko igiya ta daɗe tana gogar bakin rijiya sai ta ci."

Har yau muna musu a kan abin da likitan nan yake nufi da hutu. Ni na fahimci a daina hawa tsani. Kawu ya fahimci a daina aiki. Anti kuwa, da muka kawo mata labari, ta fahimci kada hannun ya motsa ko kaɗan. Ta zauna a keke ta ɗinka masa maratayi na yadi mai kauri, har da soso a inda zai zauna a wuya, da ɗan aljihun waya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba ɗinkin.

Ya yi makonni a cikin maratayin nan. Mutumin da bai taɓa wuni a gida ba ya koma zaman tsakar gida, yana sa ido a kan yadda ake shara da yadda ake murɗa famfo. Anti ke cuɗa masa baya, ita ke sa masa riga, ita ke ɗebo ruwa, sannan ta koma kan keke. A hankali zafin ya ɗan sauka, kowa ya yi murna. Ranar da aka ce a kwance a gani, muna tsaye mu uku. Ya ɗaga hannun, ya zo daidai ƙirji ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya cije leɓe, kafaɗar gaba ɗaya ta tashi zuwa kunnensa, amma hannun bai ƙara ko taƙi ba.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Da yana ciwo yana ɗaguwa. Yanzu ya yi sauƙi ya ƙi ɗaguwa. Warkewa ce wannan ko mutuwa?"

Na ɗauki waya na shiga bincike, na fito da cututtukan kafaɗa sun fi a ƙirga, kuma kowanne na karanta sai in ga shi ne. Na kashe wayar ban gaya masa komai ba.

Aka tura mu wurin likitan ƙashi, wani dattijo mai tabarau a kan hanci, mai magana kamar ba ya son ɓata kalmomi. Bai fara duba hoto ba. Ya sa Kawu ya cire riga, ya ce ya saki jiki, shi da kansa ya kama hannun ya ɗaga. Hannun ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak kamar ƙofar da aka tokare da kujera. Ya juya shi waje, nan ma ya ƙi.

"Da jijiya ce ta yage," in ji likitan, "kai ba za ka iya ɗagawa ba, amma ni zan ɗaga maka. Wannan ko ni ta ƙi. Kafaɗar ce ta sandare."

Ya ce akwai wata fata kamar jaka da ta naɗe gaɓar. Takan kumbura ta yi kauri, ta tsuke kamar rigar da ta sha wanki ta ƙanƙance. Sannan ya hangi maratayin a cinyata.

"Wa ya ce a ɗaure?"

"Likita," in ji Kawu.

"Ni ma likita ne. Kada a sake ɗaurewa. Motsi take so."

"Wancan ya ce hutu."

"A lokacin wataƙila hutun take so. Da farko kama suke da juna."

Na ga fuskar Kawu ta canza da jin "wataƙila". Kafin ya yi magana likitan ya jefo masa tambayoyin da ba su da alaƙa da kafaɗa. Yana yawan jin ƙishirwa? Yana yawan fita fitsari? Wandonsa ya yi masa yawa kwanan nan? Kawu ya dube ni, alamar ko an haɗa mu da fayil ɗin wani ne. Aka tura mu gwajin jini, muka dawo da sakamako, likitan ya duba ya gyaɗa kai.

"Baba, kana da ciwon sukari. Da alama ya daɗe."

"Sukari kuma? Likita, kafaɗa na kawo."

"Suna yawan tafiya tare."

"Sukarin ne ya hau kafaɗar?"

Likitan ya cire tabarau ya murza ido. "Masu sukari sun fi samun wannan sandarewar. Takamaiman dalilin, gaskiya ko mu ba mu gama sani ba." Ya ƙara da cewa ciwon yana da jinkiri, yakan kai shekara, wani har biyu, amma yawanci da kansa yake saki.

A tasi, da muka kusa gida, Kawu ya juyo gare ni. "Mamana, kin ji da kunnenki? Ya ce bai sani ba. Da tabarau da komai." Can kuma ya ce, "In da kanta za ta saki, me muka je yi? In kuma ba mu je ba, wa zai gaya mini ina da sukari? To kafaɗar nan cuta ta yi mini ko taimako?"

Abin bai tsaya nan ba. Likitan ya ce akwai allurar da ake yi a cikin gaɓar, tana kwantar da kumburi, amma tana tayar da sukari na 'yan kwanaki, don haka sai an fara saukar da sukarin. Anti ta kwashe gwangwanin sukari daga gabansa, shayinsa ya koma salam. Ya riƙa zama da kofi a hannun hagu yana lissafi da baki: sukari ya kama kafaɗa, maganin kafaɗa yana tayar da sukari, sukarin in ya tashi ya koma ina? Da aka yi allurar kuwa ya ji daɗinta. Zugin ya ragu sosai, ya sami barci. Amma hannun yana nan inda yake.

"Saura gashi," in ji likitan.

"Gashi?" Kawu ya shafa kansa.

"Ba wannan ba. Gashin ƙashi."

"Au, gasa ni za a yi? Abin da ya rage ke nan."

Ɗakin gashin dogo ne, da gadaje a jere da labule tsakaninsu, da wata igiya a kan ƙaramar ƙafar ƙarfe a jikin bango, da ƙwallaye masu launi a kusurwa. Mai kula da shi wata mata ce gajera mai fara'a, hannunta kamar na maƙeri. Ta ɗora masa jaka mai ɗumi a kafaɗa, sannan ta fara lanƙwasa hannun kaɗan-kaɗan tana yi masa hira. Ta koya masa ya sunkuya ya saki hannun yana lilo. Ta koya masa ya tsaya gaban bango ya riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo. Ta ba shi sanda ya riƙe da hannu biyu, lafiyayyen ya tura marar lafiyan.

"Mutumin da ya yi silin ɗin gidan sama," in ji Kawu yana kallon yatsunsa a bango, "yau shi ake koya wa rarrafe."

"Baba, ka tura har ka ji ciwo," in ji ta, "amma kada ya yi ciwo sosai."

"'Yata, tsaya. In ji ciwo ko kada in ji?"

"Akwai ciwo mai kyau, akwai marar kyau. Mai kyau ja yake yi. Marar kyau suka yake yi."

"Nawa yana ja yana suka."

Ta yi dariya har da riƙe gado. Shi bai yi ba, domin da gaske yake.

A bencin jira ya yi abokai, kuma su suka ƙara rikita shi. Kowa a wurin dafe yake da kafaɗa iri ɗaya, fuska a yamutse iri ɗaya, amma babu biyu da ake yi wa magani ɗaya. Akwai wata mai sayar da kayan miya da ta zame a banɗaki jijiyarta ta yage, an yi mata tiyata an ɗinke, ita an hana ta motsa hannun sai an ba ta izini, tana rataye da maratayi irin wanda aka hana Kawu. Akwai wani mai tsaron gida a ƙwallo da kafaɗarsa ke ficewa daga gurbinta ko hamma ya yi da ƙarfi, shi ƙarfafa masa naman wurin ake yi don ta daina yawo. Akwai wani tsohon direba da gaɓarsa ta cinye don tsufa, ana maganar a sa masa ta ƙarfe. Kawu ya dawo gida ya zayyana wa Anti.

"Ɗaya tasa ta cika motsi, ana so ta tsaya. Tawa ta tsaya, ana so ta motsa. Da za a haɗa mu a raba biyu, da kowa ya tafi gida."

Watanni suka tafi. Zaman ya ishe shi, kuma masu kiransa aiki sun fara daina kira. Sai ga saƙo daga wata tsohuwar hedimasta da ya daɗe yana yi wa aiki, tana so a sabunta mata falo. Anti ta ce kada ya je. Mai gashi ta ce bango e, silin a'a. Ya ce ai yana da hagu.

Ni na kai masa abinci ranar, don gidan yana kusa da shagonmu. Na same shi zaune a kan bokitin fenti a tsakiyar falon, an lulluɓe kujeru da leda, rolar tana ƙasa tana ɗiga. Na ɗaga kai. Ko ni da ban san aikin ba na ga abin da ya faru. Layi-layi ne, wani wuri kauri wani wuri har ana hango tsohon fentin, ga gefen fanka ya shafu.

"Na san yadda ake yi," ya ce, bai dube ni ba. "Kaina ya sani, idona ya sani. Na gaya wa hannun, ya yi wani abu daban. Kamar na aiki baƙo."

Muna haka Hedimasta ta shigo da sandarta. Ta dubi sama, ta dubi Kawu. Sannan ta ce ya biyo ta. A bayan gidan tana da 'yar makarantar renon yara, kuma a wani ɗaki an tara ƙananan kujeru da tebura da akwatunan wasa, duk sun koɗe sun yi tabo.

"Waɗannan ba sa bukatar tsani," in ji ta. "Silin kuwa ka nemo mini wanda ka yarda da shi, ka tsaya a kansa."

Ran Kawu ya ɓaci. A hanya ya ce mini an mayar da shi mai fentin kayan wasa. Ya kwana biyu yana cewa ba zai je ba, sannan ya je, wai don kada a ce ya raina tsohuwa.

Abin da bai zata ba shi ne launi. Rayuwarsa duk a fari ya yi ta, in an yi nisa ruwan madara. Yanzu ga ja, ga rawaya, ga shuɗi, ga kore. Ya zauna a inuwa da ƙaramin buroshi, gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙari inda ba ta ciwo, yana bin ƙafar kujera a hankali. Ya fara haɗa launukan da kansa. Ya yi wa wani teburi ruwan lemo da Hedimasta ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Wata mai makarantar ta gani ta aiko, wani kafinta ya fara kawo masa gadajen jarirai. Da na tambaye shi ko yana jin daɗin aikin, sai ya ɓata fuska. "Ban sani ba, Mamana. Da safe ina jin kunyarsa, da rana in manta, da yamma in ga ban so tashi ba."

Bai daina rarrafen bango ba, ko da yake rabin lokaci yana yi yana mita. Ya rage shinkafa da burodi, yana shan maganin sukarinsa, yana zuwa gashi in ya ga dama. Babu ranar da za a nuna a ce yau ta saki. Wata rana dai Anti tana ɗinki ta ga ya shigo yana neman gwangwanin shuɗi, ya miƙa hannu saman kabad ya ɗauko ya fita. Sai da ya kai ƙofa ta ƙwala masa kira.

"Malam! Da wane hannu ka ɗauko?"

Ya tsaya, ya dubi gwangwanin, ya dubi hannun. Ya mayar da shi saman kabad ya sake ɗaukowa. Bai kai yadda yake a da ba, kuma har yanzu ba ya iya sosa tsakiyar bayansa, amma ya ɗagu.

Nan take masu magani suka fito karɓar yabo. Mai kemis ya ce man nan a hankali yake ratsa ƙashi. Mai Famfo ya ce jan da aka yi ne, sai yanzu ya zauna. Mahaifiyata ta ce addu'a ce. Ni na ce gashi. Kawu ya tafi takanas wurin likitan ƙashi don a raba gardama.

"Likita, tsakani da Allah, wanne ne ya yi aiki? Allurar, ko gashin, ko barin sukarin?"

"Duka sun taimaka. Da lokaci."

"In da ban yi ko ɗaya ba fa?"

"Wataƙila da ta saki, amma da ka fi shan wuya, kuma da ta fi daɗewa." Ya rufe fayil. "Ka kula da ta hagun. Wani lokaci takan biyo 'yar'uwarta."

Kawu ya fito yana dafe da kafaɗar hagu, wadda ba ta taɓa yi masa komai ba.

Yana cikin wannan sa ido a kan hagunsa ne ya ga abin da ke gabansa tun tuni. Anti tana shanya, ya ga ta jefa zani kan igiya da hannu ɗaya, ɗayan ta riƙe shi a ciki. Ya zuba mata ido. Ta koma keke, ya ga kafin ta fara sai ta karkata wuya ta matse kafaɗa, ta yarfe yatsu.

"Ke, me ya sami hannunki?"

"Ba komai."

"Ni za ki gaya wa ba komai? Ni da na yi digiri a kafaɗa?"

Da ya matsa mata ta ce ya daɗe. Tun kafin nasa. Zafin yana tasowa ya sauko har yatsu, wani lokaci allura ta faɗi daga hannunta ba ta ji ba.

"Tun kafin nawa? Kina cuɗa mini baya, kina ɗebo ruwa, da wannan hannun?"

"To da na wa zan yi? In mun kwanta mu biyu wa zai tashe mu?"

Mahaifiyata ta ce ranar ya zo gidanmu ya zauna a kujera ya kasa shan ruwan da aka ba shi. Yana ta maimaita cewa ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, ta gane nasa daga yadda yake sa riga, shi kuwa yana zaune a tsakar gida wata da watanni yana kallon ta bai gani ba. "Ina idona yake?" yake tambaya.

Shi ya kai ta asibiti da kansa, bai nemi rakiyata ba. A hanya ya gama yi mata bayani: sandarewa ce, za a gwada sukari, za a yi allura, sannan rarrafen bango, shi zai koya mata. Likitan ya kama hannunta ya ɗaga, ya tafi har sama ba gardama. Ya juya shi ko'ina, lafiya. Sai ya dafa kanta ya karkatar da wuyan gefe, ta yi ƙara, zafin ya sauka har ɗan yatsa.

"Kafaɗarta lafiya lau," in ji likitan. "Daga wuya ne. Sunkuyon keke ya sa wata jijiya ta matsu."

Anti ta ce Kawu ya dubi likitan, ya dubi kafaɗarta. Daga ƙarshe ya ce, "Likita, ciwon kafaɗar ma ba a kafaɗa yake ba?"

"Wani lokaci."

Yanzu su biyu suke zuwa ɗakin gashi. Ya sa kafinta ya ɗaga mata teburin keke don ta daina sunkuyo, ya yi masa fenti kore ba tare da ta roƙa ba, ta ce ita shuɗi take so. Na je gidan da safe kwanan baya na same su a tsakar gida. Shi yana fuskantar bango yana hawa da yatsun hagu, don rigakafi in ji shi. Ita tana zaune a miƙe tana jan haɓa baya kamar yadda aka koya mata.

"Ba haka ake yi ba," yake ce mata ta kan kafaɗa. "Sai kin ji ciwo."

"Ni an ce kada in ji."

"To ni me ya sa aka ce in ji?"

Suka juyo gare ni gaba ɗaya. Na ce ni gaisuwa na zo, na wuce ciki na ɗora musu ruwan shayi.